Ramin da na haƙa a lambun Nomau

Ku ajiye salulolin nan tukuna, ba gudu za su yi ba. Tun da hantsi nake kallonku kuna durƙusawa a ƙofar shago kuna ɗaukar junanku daga ƙasa, kowa ya fito kamar gwamna, kuna ta dariya. Na ji ɗayanku yana cewa ɗaukar hoto ai ba wani aiki ba ne, danna jan maɓalli ne kawai, sauran na'ura ke yi. Ban ji haushi ba, ni ma na taɓa faɗin abin da ya fi wannan wauta. Amma tunda kun ce koyo kuka zo, bari in fara muku daga inda ya kamata. Kun san tsohon nan da ke zuwa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wanda kuke tashi ku ba shi benci, in kunna masa tele ya yi ɗan kallo ya tafi? Sunansa Nomau. Da yana da lambu a Jiratawa, yanzu ba shi da shi, kuma da hannuna a cikin rabuwarsa da shi. Da kamara na yi masa wannan aikin.

Ni ta ƙofar dako na shigo sana'ar nan. Maigidana, Malam Abdu Majigi, mutumin Tibiri ne, ya yi shekaru yana juya fim a gidan silima kafin bidiyo ta zo ta kashe kasuwar. Sai ya sayi kamara ya buɗe wannan shagon a unguwar Zariya ta nan Maraɗi, lokacin unguwar rabinta fili ne da awaki. Kamarar ta kai nauyin ɗan akuya, a kafaɗa ake saɓa ta, kaset ɗinta kuma ya kusa girman bulo. Batirin daban yake a cikin jaka, da waya tsakaninsa da ita, ni ke rataye da shi ina bin Maigida a baya kamar an ɗaure mu. Shekara guda cur ban yi komai ba sai ɗaukar batir, da naɗe waya, da goge gilashi da tsumma mai laushi. In yatsana ya kusanci jan maɓallin nan sai ya buge mini hannu. Abin da ya koya mini a shekarar bai wuce kallon haske ba. Zai fito da ni bakin titi ya ce in gaya masa ta ina rana ke dukan fuskar mai ƙosai, ina inuwar hancinta ta kwanta, me ya sa hayaƙin kaskonta ya fi kyau in rana tana bayansa. Da la'asar sakaliya kuma mu gangara bakin gulbi mu zauna shiru, har ƙasa ta yi ja, shanu su dawo cikin hasken kamar suna tafiya a cikin ruwa. In an kira sallah mu tashi.

Aikin farko da na riƙe kamara da kaina kokawa ce a Tibiri, bayan girbi. Mun isa da wuri, fili ba kowa sai masu jera buhunan yashi. Maigida ya aro shebur, ya auna taki uku daga bakin da'irar, ya ce in haƙa rami har zuwa ƙuguna. Ina cikin haƙa mutane suka fara taruwa. Wani dattijo ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Yaro, hwaɗa mini gaskiya, wane ɗan kokawa ya aiko ku binne asiri a nan?" Sai da Maigida ya rantse, ya kuma bari aka laluba jakar batir, sannan aka ƙyale mu.

Da aka fara kiɗa na shiga ramin, na ɗora kamara daidai bakin ƙasa, na sa ido. Abin da na gani ban manta shi ba har yau. Taron ya ɓace, masu rake da masu ruwan sanyi duk sun ɓace. Wani ɗan kokawa ya taho yana taku, ƙafafunsa suka cika gilashin, layunsa na lilo a sama da ni, bayansa ba komai sai sararin sama da gajimare ɗaya yana tafiya a hankali. Mutumin nan na san shi, mahauci ne gajere, in muka tsaya tare kafaɗata ya kai. A cikin kamara kuwa ya zama wani abu da aka sassaƙa. Da muka kai masa kaset ɗin gida, matarsa ta kalla ta kalla ta ce, "Wanga dai ba mijina ba ne, amma in yana so ina so." A hanyar dawowa na tambayi Maigida inda ya koyi dabarar rami. Ya ce in bari sai ranar da babu aiki.

Ranar ta zo bayan mako guda. Da azahar ya rufe shago, ya toshe taga da buhu, ya ciro wani kaset marar rubutu da wani Bature malamin makaranta ya bar masa. Ya kashe murya, ya ce in kalla kawai. Hoton baƙi da fari ne. Gajimare, tutoci, sai mutane dubu bisa dubu a jere kamar an shuka su da igiya, fuskoki matasa, rana tana wanke su. Kamarar ba ta tsayawa wuri ɗaya, tana yawo a tsakaninsu a hankali, ta hau sama, ta sauko. Sannan ga wani mutum shi kaɗai, an ɗauko shi daga ƙasa, sama tana bayansa. Ɗakin ya yi zafi, gumi yana zuba mini, amma ban motsa ba. Da ya kashe ya ce, "Mi ka ji?"

Na ce, "Maigida, ji na yi kamar in tashi in shiga layin."

Ya ce, "Madalla, ka hwaɗi gaskiya. To mutumin nan da ka gani, shi ya kunna yaƙin da ya ci duniya, har tsohhin sojan garin ga sunka tahi can, wasu ba su dawo ba. Shi ya sa anka tara mutane miliyoyi, da mata da ƙananan yara, anka kashe su don asalinsu kawai. Wadda ta ɗauki hoton kuwa mace ce, Bajamushiya. Ita ke sa a haƙa mata ramu, ita ke ɗora kamara kan ƙarhe ana turawa. Tana nan da ranta, tsohuwa tukuf, har Sudan ta zo tana ɗaukar ƴan kokawa irin naka na Tibiri. Duk wanda ya tambaye ta, sai ta ce ita aikinta kawai ta yi, ba ta ga komi ba."

Na ce to don me muke koyo a wajenta. Ya ce don ta iya, kuma iyawar ce abin tsoron. Ya ce masu ɗaukar ƙwallo da masu tallar sabulu da masu bin ƴan siyasa, kowa yana amfani da dabarunta ko ya san sunanta ko bai sani ba, kuma ba yadda za a yi a mayar da su. Sai ya kafa mini sharaɗi ɗaya. Daga cikin rami ba a ganin ƙasa, sama ake gani da wanda aka ɗaukaka. Don haka duk ranar da na shiga rami, in na fito sai in tsaya da ƙafafuna, kamara daidai idona, in juya sau ɗaya cikakke ba tare da na kashe ba, kome ke wurin ya shiga. Juyi yake kiran abin. Ya sa na yi ta yinsa har ya zama jikina ke yi ba ni ba. Daga baya na ji matar ta rasu ta haura shekara ɗari, ba ta canza maganarta ba.

Da ido ya fara gaza wa Maigida, farar yana ta soma rufe masa shi, sai ya koma Tibiri ya bar mini shago. A lokacin ne na shiga hannun Alhazan garin nan. Bikin aure, dawowa daga Makka, buɗe sabon kanti, saukar manyan motoci daga Najeriya, duk ni ne. Kowane irin mai kira da abin da yake so. Mata a gidan biki haske suke so a fuska, kuma kada ka kuskura ka wuce zinariyar wuya ba ka tsaya a kanta ba. Alhazai kuwa rami suke so, ko da ba su san sunansa ba. In ƙasa siminti ce sai in kwanta rub da ciki. Babbar riga in ka ɗauko ta daga ƙasa, iska ta ɗan shiga cikinta, sai ta rufe rabin sama, gajeren mutum ya yi tsawo, mai tumbi ya yi kwarjini. Aka sa mini suna Hamisu Mai Rami. Ina yin juyina kullum, sai dai a biki juyi ba ya nuna komai sai tukwane da yara masu jiran shinkafa, ba wanda ya damu ko yana ciki ko babu.

Cikin Alhazan akwai wanda ya fi kowa kirana, ba zan kama sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya. Ɗan kwangila ne. Wani furoje, shirin taimako na Turawa, ya ba shi aikin haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, da kafa famfo ga masu lambu a gefen Jiratawa, waɗanda rijiyoyinsu suka yi ƙasa. Ya ce in zo in ɗauki bikin buɗewa, za a aika kaset ɗin biro, ofishin furojen, a matsayin shaidar an gama.

Na isa da sassafe a kan moto, babur ɗina, kamara a bayana. Wanda bai ga kwarin Jiratawa da sanyin safiya ba, bai san Maraɗi tana da wani gefe mai laushi ba. Zogale a jere, alkama kore shar, ƙanshin albasa da jiƙaƙƙiyar ƙasa, balbelu suna sauka ɗaya bayan ɗaya, wani ɗan hazo yana kwance a kan kwalbatocin ruwa bai gama tashi ba. Lambunan da aka yi wa famfon suna can ƙarshe, inda koren ya fara ƙarewa. Wanda ya fi kusa da famfon na Nomau ne. Lokacin yana da ƙarfinsa, dogo, gemunsa ya fara furfura. Ya gaya mini saboda alkawarin ruwan nan ya sayar da shanun nomansa biyu, ya sayi iri da taki, ya dasa albasa ninki biyu na abin da ya saba. Na duba rana, na duba bakin famfon, na ga wurin da ya dace da rami yana tsakiyar fangalinsa biyu na dashe. Na gaya masa ina jin nauyi. Ya yi dariya ya ce, "In dai don ruwa ne, ɗana, haƙa." Shi ya kawo shebur, shi ya tuge dashen da hannunsa, muka haƙa tare muna karɓa-karɓa.

Ina cikin gwada kamara na ji ƙarar mota. Motar ruwa ce, ta zo ta laɓe a bayan shingen zogale, aka ja tiyo daga cikinta ta ƙarƙashin kara aka haɗa da bututun famfon. Yaron Alhaji ya ce wani ƙarfe ne ya rage, yana hanya, mako guda ya iso, ba za a ɗaga biki saboda ƙarfe ɗaya ba. Manoman sun ji, sun yarda. Ni ma na yarda, don yardar ta fi mini sauƙi.

Alhaji ya zo cikin farar shadda. Na shiga rami. Ya kama kan famfon ya murɗa, ruwa ya ɓalle, rana tana daidai bayansa kamar yadda na lissafa. Kowane ɗigo ya kama wuta. Ruwan ya yi baka a sama da ni, yana saukowa a hankali, mata suka rangaɗa guɗa. Sai Nomau ya shigo gilashin ba wanda ya sa shi, ya tara hannu biyu, ya watsa a fuska, ya ɗaga kai yana dariya, ruwa yana bin gemunsa yana ɗiga, bayansa ba komai sai shuɗin sama. Abin bai kai minti ɗaya ba. Ban taɓa ɗaukar abu mai kyau irinsa ba, kafin ranar ko bayanta, kuma tun ina cikin ramin na san haka. Da na fito, jikina ya yi abin da ya saba. Na tsaya, na juya. Motar ruwa ta shiga, da direbanta yana shan rake a inuwarta, da tiyon, da fangulan da suka fara tsagewa, da Alhaji yana shiga motarsa.

Haɗa fim a lokacin ba irin naku ba ne na jan yatsa. Bidiyo biyu ake jerawa, ɗaya tana karanta kaset na asali, ɗaya tana kwafe abin da ka zaɓa, in ka yi kuskure ka koma farko. Na kwana biyu a kan aikin. Da na iso wurin juyin na kalle shi sau uku. Bayan ruwan nan da fuskar nan, sai ga direba yana tofar da ɓawon rake. Ya ɓata mini abin. Na cire shi, na sa kiɗan gurmi a ƙarƙashin ruwan, na rufe da balbelu suna tashi. Ina so ku ji wannan da kyau: ba wanda ya ce in cire. Alhaji bai ma san na yi juyi ba. Ni na cire shi don hotona ya yi kyau. Alhaji ya kalla ya aiko mini da turmin shadda, kaset ya tafi biro, na ajiye kwafi ɗaya a shago.

Ƙarfen bai zo ba, don ba ƙarfe ne ya rage ba. Haƙar ce ba ta kai ruwa ba. Manoman suka yi wakilai suka je biro, aka zaunar da su a kan kujeru, aka kunna musu kaset ɗina. Aka ce ga ruwa, ga ku kuna tafi, ga wannan har yana wanka, in famfo ya lalace bayan haka ku kuka lalata shi, an rufe dosiye, fayil ɗin aikin ke nan.

Nomau ya zo shagon nan a kan keke wata ranar Talata. Ya yi sallama, ya sha ruwa, ya ce yana so ya ga abin da aka nuna musu, don a biro bai gani sosai ba. Na kunna. Ya matso da benci har gwiwarsa tana taɓa tebur. Da fuskarsa ta fito sai ya yi murmushi kamar ya ga wani ɗan'uwa da ya daɗe a tafiya. Da ya ƙare ya ce, "Ina motar?"

Na ce, "Baba, ni ina cikin rami, ban ga mota ba."

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Ai tare munka haƙa ramin." Sannan ya ce albasar tana da sauran rai, shi da iyalinsa suna ɗibo ruwa da jarka daga rijiyar maƙwabci, za ta iya kai mako uku a haka. In mutanen biro suka ga motar da idonsu, ana jin za su turo wani mai haƙa. Ya ce, "In akwai inda ta hito, ko kaɗan ne, ka taimaka muna." Na ce zan duba. Kaset na asali yana cikin aljihun teburin da gwiwarsa ke taɓawa.

Ban duba ba. A makon ne Alhaji ke aurar da ɗansa, kwana uku ana biki, ni ke ɗauka. Kuma na san Alhazan garin nan kamar carbi suke, in ka tsinka wuri ɗaya duka za su zube. Na ce bari biki ya wuce. Biki ya wuce, wani ya zo. Na yi ta kwanciya rub da ciki a gaban manyan riguna har mako biyar.

Sai na je Tibiri gaida Maigida, na kai masa goro da sukari kamar yadda na saba. Na same shi a gindin dogon yaro a ƙofar gida, ido ya tafi gaba ɗaya, amma kunne yana nan. Matan Jiratawa suna kawo zogale kasuwar Tibiri, labari ya riga ni isa. Bayan gaisuwa ya ce, "Hamisu, ranar hwamhon Jiratawa, ka yi juyi?"

Na ce na yi.

"Yana ina?"

Na ce yana cikin aljihun tebur.

"Da manomin ya zaka wurinka, mi ka ce mai?"

Na so in yi ƙarya, amma ban taɓa iya yi masa ba. Na maimaita masa abin da na faɗa, kalma da kalma. Ya murza goron a hannu. Can ya ce, "Ita ma Bajamushiyar haka ta ce." Ya fasa goron ya miƙo mini rabi, ya shiga tambayata farashin kaset a kasuwa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har na kasa tauna goron.

Washegari na ɗauki kaset na asali na tafi Jiratawa. Na sami Nomau a lambu yana zaune a kan jarka. Fangulan sun zama launin kara, in ka taɓa ganyen sai ya murmushe a hannu. Ramin yana nan, iska ta zuba masa busasshen ganye. Na nuna masa kaset ɗin na ce motar tana ciki. Ya ce, "Ka gan ta ke nan." Na ce na gan ta tun ranar. Ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya hau bayan motona muka tafi biro.

Sun kalla, sun sake kalla, suka karɓi kaset ɗin. Aka buɗe dosiye, aka karɓe aikin daga hannun Alhaji, aka ba wani. Sabon foraj ya ba da ruwa a shekarar da ta biyo, kuma har yau yana bayarwa. Amma Nomau bai kai shekarar ba. Babu albasa, babu shanu, damina kuma ta zo da gardama, gida cike da baki. Kafin ruwan gaskiya ya iso ya sayar da lambun ga wani ɗan kasuwa na cikin gari. In kun bi hanyar yau za ku ga wurin, an kewaye shi da waya, mangwaro ya yi duhu a ciki. Sauran manoman sun amfana. Shi da ya tuge dashensa ya ba ni wuri, shi ne bai sha ba, kuma mako biyar ɗin nan nawa ne suka raba shi da lambun.

Ni ma na ga shekarata. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya yi mini faɗa, Alhazai ba haka suke yi ba. Kira ne kawai ya ɗauke. In na gaishe su a masallaci su amsa da fara'a, biki kuma a kira wani daga Katsina. Na sayar da bidiyo ɗaya, na sayar da moto, na koma ɗaukar ƙananan hotuna na ƴan makaranta masu jarrabawa, ina rataya farin zane a bangon nan. Batir ya mutu don rashin aiki. Sai a hankali ƙananan mutane suka fara kirana, sunan jariri, saukar karatu, bikin ɗan kabu-kabu, na sake miƙewa. Ba na haɗa wannan da abin da ya sami Nomau. Ni shago na yi ta zama a ciki ina korar ƙuda, kuma ga shi har yau ina cikinsa.

Bayan kamar shekara biyu, wata Juma'a, na ɗaga kai na gan shi a ƙofa. Ya dawo cikin gari, yana gadin wani sito a bakin kasuwa. Na miƙe, na ce yau dai zan ji abin da na cancanta. Ya zauna, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki. Sannan ya ce, "Kaset ɗin nan yana nan?"

Na ce, "Na asalin yana biro, Baba, mai motar."

Ya ce, "A'a, ba shi ba. Mai ruwan."

Na kunna masa. Gurmi ya fara, ruwa ya yi baka, ga shi nan da gemun da bai gama fari ba yana dariya a ƙarƙashin sama. Bai ƙifta ido ba. Ya nuna gefen tele da yatsa, inda wani ɗan koren ganye ya leƙo a bakin ramin, ya ce wannan dashensa ne, na fangali na uku. Ni da na haɗa fim ɗin ban taɓa lura da ganyen ba. Ya ce, "Nan kaɗai lambuna ya rage, kuma nan ruwa bai taɓa ɗaukewa ba."

Tun daga ranar yake zuwa. Kaset ɗin ya gaji har hoto ya fara rawa, na mayar da shi faifai, faifan ya karce, na mayar da shi cikin ɗan abin nan da kuke sokawa a bayan tele. Na taɓa ce masa in aro na asalin daga biro in haɗa masa da juyin, ya ga abin yadda ya faru. Ya ce yadda ya faru ai ya sani, yana wurin.

To ga shebur can a bayan ƙofa, zan koya muku rami, zan koya muku durƙuso da kwanciya da yadda ake sa rana a bayan ruwa, don sana'a ce kuma da ita za ku ci abinci. Zan koya muku juyi, sannan in zuba ido in ga wanda zai bar shi a ciki ranar da ya ɓata masa hoto. Amma ba yau ba. Gobe Juma'a, zai zo. Ɗayanku ne zai kunna masa, ku zauna kusa da shi har ya ƙare, ni zan koma waje. In balbelun suka tashi zai shafa gemunsa kamar da gaske ya jiƙe, ya dafa gwiwa ya miƙe, ya faɗi abin da yake faɗa kowane mako: "Wallahi yaron ga Hamisu ya iya aiki." Da zuciya ɗaya yake faɗa, ba gatse a ciki. Wanda ya samo amsar da za a ba shi a cikinku ya zo ya gaya mini, ni na daɗe ina nema.